Cigiyar Mahaifin Kakata a Alƙahira

Shekarun baya, tun zamanin da in ɗalibi zai kira gida daga Alƙahira sai ya je shagon waya ya bi layi, kakata ta ɗora min wani aiki da ban taɓa ba ku labarinsa ba. Jiya na ga ana ta musu a nan kan yawan mutanen da suka mutu a yaƙin duniya na biyu, wannan ya kawo nasa lissafin, wancan ya ce ƙarya ne, shi ya tuno min da abin. Ku yi haƙuri da tsawonsa, kun dai san ni in na fara zuba.

Kakar tawa ita ta haifi mahaifiyata. Tana ƙarama, ba ta daɗe da fara zuwa aike ba, mahaifinta ya shiga sojan Turawa a lokacin da mutanenmu ke kira yaƙin Hitila. Abin da ta riƙe game da shi bai taka kara ya karya ba: dogo ne, yana da wushirya, kuma in ya dawo daga kasuwa yakan fere mata rake da wuƙarsa. Ya tafi, bai dawo ba. Da yaƙi ya ƙare, waɗanda Allah ya yi wa sauran kwana suka dawo da kakinsu da labaran daji da teku, sai wani mutumin ƙauyen da ke kusa da namu ya ce shi dai ganinsa na ƙarshe da shi a Masar ne, yana kwance ba lafiya, aka wuce da su gaba aka bar shi a nan. Iyakar labarin ke nan. Ba gawa, ba saƙo, ba wanda ya sake cewa ya gan shi.

Sunan mahaifin kakar tawa aka sa min. Saboda haka tun da na buɗe ido ban taɓa jin kakata ta kira sunana ba, Babana take ce min. In na yi ɓarna mahaifiyata ta ɗauko bulala, ɗakin kaka nake faɗawa, ita kuwa ta tare ƙofa ta ce ba mai dukar mata uba tana raye. Na ci moriyar sunan nan ba kaɗan ba.

Ana gobe zan tashi zuwa Masar karatu, gidanmu ya cika da masu saƙo. Wannan na son abaya, wancan man habbatus sauda, wani kawuna har da jerin littattafan da ko raƙumi ba zai ɗauko ba. Kaka ta bari sai da aka watse, ta aika a kira ni ɗakinta. Ta ce, "Babana, ni ba na son tsarabar komai. In ka je, ka nemo min inda ubana yake kwance. In san dai an rufe shi kamar kowane Musulmi, kafin ni ma a rufe ni."

Na ce, "Kaka, Masar fa ƙasa ce guda, ba unguwa ba ce."

Ta ce, "To babu Hausawa a can? Ka nemi zango, ka gai da manya, ka yi cigiya. Dogo ne mai wushirya, ai wani zai tuna da shi."

Na danne dariyata na ce to. A tunaninta Alƙahira kamar garuruwan da fatake ke sauka ce, ka isa da la'asar, ka tambayi gidan Sarkin Hausawa, kafin magariba an haɗa ka da wanda kake nema.

Na isa, gari ya haɗiye ni. Larabcin da na taho da shi daga gida, wanda ake yi min kirari a kansa a unguwarmu, ranar farko da na gwada shi a kan direban mikrobas, ƙaramar motar hayarsu, sai da ya bari na kai aya sannan ya ce "sadaƙallahul azim", duk motar ta kwashe da dariya. Mu shida ne a shaƙƙa ɗaya, wato gidan haya a bene, a unguwar Hayyul Ashir. Da safe ful, dafaffen wakensu, da burodin aish, da rana duk abin da ya samu, ranar Juma'a kuwa mu tuƙa tuwon semo da miyar kukar da wani ya taho da ita daga gida, mu ci har mu kasa tashi. Wallahi har yau in na ji ƙanshin ta'amiyya, ƙosan Misirawa, ana soyawa sai zuciyata ta koma benen nan. Na tambayi ɗaliban da suka riga mu zuwa ko akwai wanda ya san wani abu game da sojojinmu na zamanin yaƙi, kowa ya ce bai sani ba, ni ma ban san ta inda zan ɓullo wa abin ba. Duk ranar da na kira gida, in an gama gaisawa da kowa sai a miƙa wa kaka wayar, ta ɗaga murya kamar daga Masar ɗin zan jiyo ta ba waya, ta ce, "Babana, ka yi cigiyar?" In ce ana nan ana nema, Kaka.

A shekarata ta uku ne mahaifiyata ta canza murya a waya. Ta ce ƙafafun kaka sun kumbura, ta daina fitowa tsakar gida, abinci ma sai an lallaɓa ta. Ta ce, "Ba ta da zance sai na mahaifinta. In akwai abin da za ka iya yi, ka yi shi yanzu." Na fito daga shagon wayar na koma shaƙƙarmu.

Akwai wani abokina a shaƙƙarmu, mutumin Damagaram, wanda ya san Alƙahira fiye da yadda ya san littattafansa. Ba lungun da bai taɓa shiga ba, kuma in yana ciniki da Misirawa ba ka ce ba a nan aka yanke masa cibiya ba. Da na ba shi labari ya ce ai akwai maƙabartar sojojin wancan yaƙin wajen unguwar Masr el-Gedida, ya sha wucewa ta gefen katangarta. Ya ce, "Yalla, gobe ba mu da darasi da safe, mu je mu gani."

Ban taɓa zaton akwai wuri irin wannan a garin ba. Kana ƙetare ƙofa sai hayaniyar motoci ta koma can nesa. Ciyawa kore shar, an aske ta daidai, ga fararen duwatsu a jere sahu-sahu iya ganinka. Wani mai ba furanni ruwa ya yi mana maraba, abokina ya faɗa masa abin da ya kawo mu, ya nuna mana wani ɓangare da hannu ya ce mutanen Afirka na can. Muka ratsa ta tsakanin kaburburan Turawa da na wasu ƙasashen da ban zaci yaƙin ya shafe su ba. A kan wasu duwatsun an rubuta shekarun mai kabarin. Da yawansu mun girme su, mu da muke ganin kanmu yara, iyayenmu na aiko mana da yaji da kilishi.

Da muka isa wurin namu sai na ga abin da ban shirya masa ba. Ashe sojan Turawa ba su damu da sunan uban mutum ko na kakansa ba. Su tambaye ka sunanka, su tambaye ka garinku, su haɗa biyun, shi ke nan ka samu suna. Haka duwatsun suke, sunan yanka sai sunan gari, garuruwan da na sani, wasu ma na taɓa kwana a cikinsu. Ina tafe ina karantawa sai na yi turus. Sunana ne a kan dutse, ɓaro-ɓaro, a gabansa kuma sunan babban garin lardinmu. Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya tsaya da ƙafafunsa yana karanta sunansa a kan kabari.

Abokina ya dafa kafaɗata ya ce, "Khalas, magana ta ƙare, shi ne. Allahu akbar."

Na so ƙwarai in yarda. Amma a ƙasarmu ba gidan da za ka shiga ka rasa mai wannan sunan, kuma duk wanda ya fito daga ƙauyukan lardin nan, sunan babban garin zai ba Bature, don shi ne wanda aka sani. Ba mu yi nisa ba ma muka ga wani dutsen da sunan, sai dai garin daban. Da muka koma wurin mai ba furanni ruwa ya ce mana wannan ba ita kaɗai ba ce, akwai wasu maƙabartun irinta wajen mashigin ruwan Suwes da can cikin sahara, akwai kuma waɗanda ba a taɓa samun gawarsu ba.

Abokina bai saurare ni ba, ya ciro wayarsa, ita kaɗai ce mai kyamara a shaƙƙarmu, ya ɗauki hoton dutsen. Ya ce, "Ka wanke shi ka aika mata. Tsohuwa ce, ba ta da lafiya, so take hankalinta ya kwanta. Wa zai tashi ya ƙaryata ka? Mai kabarin?"

Na ce, "In ba shi ba ne fa? Na ɗauki uban wasu na ba ta ke nan."

Ya ce, "Ma'alish, ba komai, ya sheikh. Shi wannan ɗin, tun da aka rufe shi wa ka ga ya zo masa ziyara? Ka samar masa 'ya mai yi masa addu'a, ita ka samar mata uba. Ina laifin?"

Muka ɗaga hannu muka yi wa duk Musulmin da ke wurin addu'a, muka fito muka sayi ruwan rake a bakin titi muka sha.

Hoton nan ya hana ni sakat. Abokina ya tura min shi da na sayi tawa wayar, kullum sai na buɗe na duba. Na kira gida na ji muryar kaka ta ƙara yin ƙasa, na buɗe baki zan faɗa, sai in fasa. Abin dariyar shi ne a wannan zangon karatun muna cikin babin mafƙudi a fiƙihu, wato hukuncin mutumin da ya ɓata ba a san yana raye ko ya mutu ba: yaushe matarsa za ta daina jira, yaushe za a raba gadonsa. Na yi ta kafsa muhawara a kansa a aji, ina kawo ƙaulin wane da na wane, ina jin kaina. Sai wata rana a cikin mikrobas, an matse ni tsakanin wani ƙato da buhun albasa, abin ya faɗo min cewa babin nan ai labarin gidanmu ne. Ni ne malamin da ya haddace hukuncin mafƙudi, ga mafƙudi a gidansu har sunansa yake amsawa, bai taɓa haɗa biyun ba.

Da na rasa mafita sai na ce bari in yi abin da ta ce tun farko. Ba wani wuri da ake kira zango a Alƙahira, amma ba nisa da mu akwai Arba wa Nus, unguwar da mutanen Sudan suka yi yawa, a cikinsu kuwa har da Hausawan da kakanninsu suka bar gida da ƙafa da niyyar hajji, suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Abokina ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Ɗalibin shari'a guda, za ka je cigiyar mutumin da ya ɓata tun ba a haifi ubanka ba? Ka tafi da ƙararrawa mana." Duk da haka ya saka jallabiyarsa ya raka ni.

Ranar Juma'a muka je. Bayan an idar da salla a wani ƙaramin masallaci, na jiyo wasu dattawa a gefe suna hira da wata irin Hausa mai gauraye da Larabcin Sudan, da tsofaffin kalmomin da rabona da jin su tun a bakin kaka. Na matsa na durƙusa na gaishe su, na ce, "Iyayena, cigiya nake yi." Na faɗi sunansa da ƙauyenmu, na ce soja ne na zamanin yaƙin Hitila, dogo mai wushirya, an ce a Masar aka bar shi ba lafiya. Ina faɗa ina jiran a fashe da dariya. Ba wanda ya ko murmusa. Suka gyara zama, suka shiga tambayata su wane ne danginsa, wace sana'a yake yi kafin soja, suna duban juna suna lalube a ƙwaƙwalwa, tamkar makon jiya mutumin ya ɓata. A ƙarshe ɗaya daga cikinsu ya ce, "Mu nan ba mu daɗe ba, kuma an haife mu bayan yaƙin. Amma taho ka ga hajja, mahaifiyata. Ita ta ga zamanin da idonta."

Ya hau da mu wani bene na jan bulo da ba a yi wa shafe ba. Ɗakin na ƙanshin turaren wuta. Hajja na zaune a bakin gado, ta lulluɓa da farin tobi irin na matan Sudan, 'yar ƙaramar tsohuwa, idanunta sun yi yana. Aikin idon ne ma ya kawo su Masar. Aka kawo mana jabana, gahawarsu mai citta, a 'yan ƙananan kofuna. Ta saurare ni har na gama ba ta katse ni ba.

Ta ce, "Ban san shi ba, ya waladi, ɗana. Sojoji baƙaƙe dai na gan su, suna wucewa cikin manyan motoci, wasunsu na Hausa. In sun ji mun yi magana sai su yi ta ɗaga mana hannu suna tambayar mu 'yan ina ne. Ko yana cikinsu, Allah masani."

Sai ta ba mu nata labarin, ba tare da mun tambaya ba. Iyayenta daga ƙasar Kano suka taso da ƙafa za su hajji, suna tafe suna ƙwadago a gonakin mutane, ita a hanya ma aka haife ta. Yaƙin ya riske su kusa da garin Kasala na Sudan, hanyar teku ta rufe. Ta ce wata safiya jirage suka zo, mutane suka watse cikin daji da abin da hannunsu ya iya ɗauka. Ba harsashi ne ya kashe mahaifiyarta ba, yunwa ce da zazzaɓi. Ƙaninta da ke goye a bayan uwar bai daɗe ba ya bi ta. Mahaifinta da wasu maza biyu suka haƙa rami a gindin wata bishiya, da zanen da ke jikinta aka yi mata likkafani. Ta ce, "Da ƙura ta lafa muka koma neman wurin. Bishiyoyin duk iri ɗaya ne."

Na ciro wayata na nuna mata hoton. Ta kai ta dab da idonta tana juyawa, ɗanta na yi mata bayani. Ta ce, "Dutse da suna? Har da ciyawa ana ba ta ruwa? Ma sha Allah, kwayyis, ya yi kyau. Su sojoji an rubuta su. Mu da ba mu ɗauki bindiga ba, ba wanda ya zo ya tambayi sunan uwata." Ba da ɗaci ta faɗa ba, kamar dai mai ba da labarin farashin gero a wata shekara.

Na faɗa mata abin da ke damuna, in aika hoton in ce shi ne, ko in faɗi gaskiya in bar tsohuwa ta tafi da ƙishirwarta. Abokina ya gyara zama yana jiran ta goyi bayansa. Ita kuwa ba ta bi ta kan tambayar ba sam. Ta ce, "Da mutumin ƙauyen kusa da ku ya dawo ya ce an bar sojan kwance, wa ya yi wa habbobarka gaisuwa?" Habboba ita ce kaka a bakinsu.

Na ce ba a yi zaman makoki ba. Mahaifiyar sojan ce ta hana. Ta ce muddin ba wanda ya ga gawar ɗanta, ba mai shimfiɗa mata tabarma a ƙofar gida, ba mai yi masa sadaka, duk wanda ya ce Allah ya ji ƙansa a gabanta sun ɓata ke nan. Har ta koma ga Allah tana jiran sallamarsa. Bayan ta rasu kuma shekaru sun tura, kowa ya ji nauyin tayar da maganar.

Hajja ta ajiye kofinta. Ta ce, "Wato yarinyar nan, tun tana 'yar mitsitsiya har ta tsufa, ba wanda ya taɓa ce mata ya haƙuri?" Kakata mai jikoki fiye da a ƙirga ita ce yarinyar. Na ce babu. Ta girgiza kai ta ce, "Ni an yi min. A daji muke, ba mu da ko ruwan sha, amma matan da muke gudu tare sun zauna da mu sun yi mana gaisuwa. La, la, wannan bai yi ba. Kira min ita."

Na sauka na sayo katin waya na dawo. Mahaifiyata ta ɗauka, na ce ta kai wa kaka. Na ji ana ta gyara mata matashi, sannan muryarta ta fito, siririya. Ta ce, "Babana, ka yi cigiyar?"

Na ce, "Na yi, Kaka. Na je zango, yanzu haka ina gaban manya." Na faɗa mata komai yadda yake. Na ce na je inda aka rufe sojojin da suka rasu a nan, wuri ne mai tsabta, ana kula da shi. Na ga kabari mai sunansa da sunan garinmu, amma ba zan rantse mata cewa shi ne ba, don masu sunan suna da yawa, maƙabartun ma suna da yawa.

Ta ce, "To ke nan ba a sani ba har yanzu. Ko yana nan wani wuri?"

Ban san lokacin da karatun nan nawa na aji ya fito daga bakina ba, sai dai wannan karon ba ƙaulin kowa a ciki. Na ce, "Kaka, a shari'a, mutumin da ya ɓata, in duk sa'o'insa sun ƙare a duniya, hukuncin mamaci ake yi masa. Ba sauran sa'ansa ko ɗaya. Baba ya rasu, Kaka. Allah ya ji ƙansa." Ni ne mutum na farko a zuriyarmu da ya furta wannan kalmar.

Hajja ta miƙo hannu na saka mata wayar. Ta yi sallama, ta ce ita 'yar'uwa ce daga nesa, jikan kaka ya zo ya gaishe su, yaro mai ladabi. Sannan ta gyara murya ta ce, "'Yar'uwa, ya haƙuri? Ya ƙarin haƙurinmu? Ashe baba lokaci ya yi. Allah ya gafarta masa, ya sa ya huta, ya kai haske kabarinsa duk inda yake. Ni ma ban san inda uwata take kwance ba, amma kullum ina aika mata addu'a, kuma na san tana isa."

Muna jiyo abin da ke fitowa daga wayar. Kaka ta ce, "Haƙuri da godiya." Sai kuma ta fashe da wani irin kuka da ban taɓa jin ta yi ba, ko ranar da kakanmu mijinta ya rasu. Kukan ƙaramar yarinya ne sak. Abokina, sarkin surutu, ya tashi ya koma bakin taga ya juya mana baya. Hajja ba ta ce mata ta yi shiru ba, ta bar ta ta yi mai isarta, tana ta cewa, "Yi abinki, ai ubanki ne." Da kukan ya lafa sai na ji kaka na tambayarta, ita tata uwar yaya aka yi? Hajja ta faɗa mata a taƙaice, kaka ita ma ta yi mata gaisuwa tiryan-tiryan. Suna cikin tambayar juna jikoki nawa-nawa katin ya ƙare.

Washegari kaka ta sa aka share ƙofar gida aka shimfiɗa tabarmi. Aka yi zaman makoki na kwana uku cur, liman ya zo ya yi addu'a, aka daka gumba aka raba sadaka. Wasu a dangi sun yi gunaguni cewa tsufa ne ya fara taɓa ta, amma ba wanda ya iya faɗa a gabanta. Ba ta warke ba, sai dai ta koma cin abinci, har Allah ya sa na dawo hutu na same ta, muka sha hira. Ba ta taɓa ce min in nuna mata hoton ba, ni ma ban nuna ba. Ta rasu da damina ta zagayo. Hajja kuwa na riƙa kai mata ziyara ina shan jabana, har aka yi mata aikin idon suka koma Sudan, daga nan labarinsu ya yanke min.

Shi ya sa in na ga ana jayayya kan alƙaluman wancan yaƙin nake kasa sa baki. Masana sun ce miliyoyi ne masu yawa, sun ce farar hula da suka mutu sun fi sojoji, kuma tsakanin ƙiyasin wannan da na wancan ma akwai tazarar miliyoyi. Da can in na karanta haka wucewa nake yi. Yanzu sai in tsaya ina tunanin ko mahaifin kakata ya shiga lissafin, ban sani ba. Mahaifiyar hajja da jaririnta kam na tabbata ba su shiga ba. Kuma ina kewar garin nan ƙwarai, da ƙurarsa da hayaniyarsa, da abokina wanda har yau in mun yi waya yake cewa shi dai ya yi imani kabarin nan shi ne.

Akwai abu ɗaya da mahaifiyata ta ba ni labari daga baya, shi nake yawan juyawa a raina. Ta ce a rana ta biyu ta zaman makokin, wata amarya da ba ta daɗe da tarewa a unguwarmu ba ta ga tabarmi, ta saka hijabinta ta shigo gaisuwa. Ta durƙusa gaban kaka ta ce, "Kaka, ya haƙuri? Wa aka rasa?"

Kaka ta ce, "Ubana."

Yarinyar ta ɗago ta dubi tsohuwar da ba haƙori ko ɗaya a bakinta, ta ce, "Allahu akbar. Yaushe?"

Kaka ta ce, "Ya ɗan kwana biyu, 'yar nan. Shekaranjiya dai aka faɗa min."